Layin Wuya

Shekara goma sha ɗaya Abdul-Rahaman Mijinyawa ya yi a Landan yana zana wa Turawa kakanninsu, kuma cikin duk mutanen da ya zana babu ko ɗaya da ya bar hannunsa bai yanke masa wuya ba. Kada ku ɗauka wani mugun abu nake nufi. Layi ne kawai, siriri kamar silin gashi, yakan ja shi da bakin alƙalami daga wannan gefen wuya zuwa wancan idan ya gama komai. Sai ya ja layin nan yake yin hamdala ya rufe kwalbar tawada.

Asalin abin daga mahaifiyarsa ne. Karatun lauya mahaifinsa Alhaji Mijinyawa ya turo shi, yaron ya yi shekara biyu ya tsere makarantar zane. Alhaji ya ce ya cire hannunsa, kuma da gaske ya cire, don ko gidansa na Landan ya hana a buɗe masa. A shekarar 1983 aka kawo mahaifiyar tasa, Hajiya Asama'u, asibiti a Landan. Ranar da ta ɗan ji ƙarfin jikinta ta ce sai an kai ta ta ga inda ɗanta yake kwana. Aka kai ta wani ɗaki guda a Peckham, a saman shagon mai sayar da doya. Ta shiga ta tarar da bango cike da fuskoki, maza da mata, duk sun zuba mata ido. Ta nemi bakin gado ta zauna.

"Abdul-Rahaman," ta ce, "ranar da aka tara ka da waɗannan aka ce ka busa musu rai, da me za ka busa?"

Ya ce Hajiya wannan ne kaɗai abin da ya iya, kuma bai yi ƙarya ba.

Ta ce ya miƙo mata alƙalami. Ta jawo hoton wani tsoho, ta ja layi a wuyansa. Ta ce malaminsu na gida ya gaya musu idan aka raba kai da jiki, abin ya tashi daga halitta ya koma zane kawai. "Ban hana ka neman abincinka ba. Amma duk ranar da ka saki mutum ɗaya cikin duniya da wuyansa a haɗe, ban yafe maka nonona da ka sha ba. Ka ji ni?" Ya ce ya ji, ya ɗauki alkawari. Wata huɗu bayan nan ta rasu a Kano, bai samu zuwa jana'iza ba. Ko malamin nan ya yi daidai ko bai yi ba, ni ban sani ba, kuma Abdul-Rahaman bai taɓa zuwa ya tambayi kowa ba. Wadda zai koma wa su sake magana ta tafi, maganar ta tsaya a inda ta bar ta.

To, Allah da ikonsa, sai ya haɗa shi da aikin da ya yi masa daidai. Akwai wani ƙaramin kamfanin buga littattafai a wani lungu bayan tashar Charing Cross, ana ce masa Pellow da Ɗansa, ko da yake Pellow da ɗan nasa duk sun daɗe a ƙasa. Aikinsu sake buga tsofaffin labaran 'yan sandan ciki na zamanin Sarauniya Biktoriya, irin waɗanda ake tsintar gawa a ɗakin karatu, ƙofa a kulle ta ciki, kowa a gidan yana rantsuwa bai ji komai ba. Kowane littafi suna son hoto goma sha biyu na wuraren da labari ya yi zafi: inda kuyanga ta saki faranti don ta ga gawa, inda keken doki ya ɓace cikin hazo, inda ɗan sandan ciki ya nuna mai laifi da yatsa gaban jama'a. Abdul-Rahaman ya iya wannan kamar me. Ya iya hazo, ya iya hasken fitilar gas a kan jiƙaƙƙen titi, ya iya fuskar mutumin da asirinsa ya tonu.

Amma abin da ya fi yi masa daɗi shi ne tufafin mutanen. Turawan wancan zamani, kai ka ce sun san da zuwansa. Namiji kwalar rigarsa sai ta tokare masa haɓa, ga ƙyalle ya naɗe a wuya, ga gemu. Mace rigarta a rufe har maƙogwaro, ko ta ɗaura wani baƙin zare mai ɗan dutse. Sai ya bi bakin kwala ya ja layinsa, ya ɗan zarce da shi ta gefe kaɗan yadda zai tabbata ya ratsa wuyan gaba ɗaya. Wanda bai sani ba ba zai kula ba. Shi ya sani, Allah ya sani, kuma a ransa Hajiya ta sani.

Littattafan kuwa idan sun fito ba ya buɗe su. Matarsa Fulera ba ta son hotuna a gidansu na hayar gwamnati da ke Catford, shi ma hakan ya fi masa sauƙi, don abin da ya bar hannunsa ba ya son su sake haɗa ido. Kwafin da ake ba shi a ofis yake barinsa, wajen Maman Dung, ta kai wa yaranta.

Maman Dung, Dinatu Choji ke nan, 'yar Jos, ita ce ke ɗakin ƙasa na kamfanin. Duk hoton da aka kawo hannunta yake fara shiga. Ta duba shi, ta goge sauran fensir, ta share ɗigon tawada da farin fenti, sannan ta hau da shi wajen edita, daga nan a aika maɗaba'a. Su biyu ne kaɗai masu jin Hausa a ginin nan. Idan ya kawo aiki sai sun yi rabin awa suna hira, ta tambayi Fulera da 'yarsu Shafa'atu, ya tambayi Dung da ƙannensa. Da Kirsimeti ta kawo masa acca, da Sallah ya kawo mata soyayyen nama a roba. Mace ce mai son mutane har abin ya yi mata yawa.

A farkon shekarar 1994 editan, Mista Bernard, ya ce kasuwa ta canza. Littafi mai bango fili ba ya tafiya yanzu, sai an sa hoto babba a bango, mai launi. Littafin da za a fara da shi labarin wata matar attajiri ne da aka sace wa sarƙar lu'ulu'u ana tsakiyar liyafa. Fitilu suka ɗauke, da suka dawo sai ga ta tsaye hannuwa a sama, wuyanta babu komai. Wannan wurin Mista Bernard yake so.

"Wuyan shi ne labarin," ya ce. "Ina son mutum ya hango shi daga tsallaken titi. Fari tas, ba komai a kai."

Abdul-Rahaman ya koma gida a jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tunanin yadda zai yi. Rigar liyafa ce, kafaɗu a waje, daga kunne har ƙirji babu inda layi zai ɓuya. Ya zana ta da hannu a wuya, Mista Bernard ya ce labari ya ce hannuwa a sama. Ya sako mata gashi ya rufe, aka ce matan lokacin ba sa zuwa liyafa da gashi a sake. Ya juya ta baya, aka ce to wa zai ga tsoron da ke fuskarta? Mako uku yana wannan kai da kawowa, har Fulera ta gaji da ganinsa yana juya tuwo a kwano.

"Baban Shafa'atu, ka gaya masa gaskiya mana. Bature ne, in ka ce addini ne zai ƙyale ka."

"Ba addini kaɗai ba ne."

"To ka ce uwarka ce. Shi ma ai uwa ce ta haife shi."

Bai gaya masa ba. Shekara goma sha ɗaya bai gaya wa kowa a ginin nan ba, don yana gudun kallon da za su yi masa, irin kallon nan na tausayi da murmushi. Sai ya zauna ya zana matar yadda aka ce. Kuma wallahi ta yi kyau, bai taɓa yin hoto irinta ba. Bakinta a ɗan buɗe, jijiyar wuyanta ta tashi, kamar in ka matsa za ka ji numfashinta. Ya tsorata da ita. Ya ɗauki alƙalami mafi siririn baki ya ja layinsa, ya yi hamdala.

Ranar Talata da safe ya kai. Da ya bi hanyarsa ta kullum ya sauka ɗakin ƙasa, da wataƙila har yau yana cikin kwanciyar hankalinsa. Amma Mista Bernard ya matsu, a bakin matattakala ya tare shi ya karɓe jakar, ya ja shi ofis. Ya shimfiɗa hoton a tebur ya ja baya, sannan ya ce wannan shi ne mafi kyawun abin da ya taɓa shigowa ɗakin nan. Sai ya sunkuya.

"Mene ne wannan a wuyanta? Ba a yanka ta a labarin ba. Ko alƙalami ne ya zame?"

Abdul-Rahaman ya ga ba makawa. Ya ce ba zamewa ba ne, haka yake yi wa kowa, kuma tunda shekara goma sha ɗaya ke nan ba a taɓa cewa komai ba, yana roƙon a bar wannan ma.

"Kowa?"

"Kowa da kowa. Duk littattafan."

Mista Bernard ya ɗaga gira. Ya juya wajen kantar littattafai ya zaro ɗaya, ya buɗe hoton wani likita durƙushe gaban gawa, ya ɗauko gilashin ƙara girma da yake duba rubutu da shi. Ya duba, ya miƙa masa. Abdul-Rahaman ya san likitan nan, ya tuna ranar da ya zana shi, ana ruwan sama, Shafa'atu tana haƙori. Ya sa gilashi a wuyan likitan. Kwala tana nan, gemu yana nan, layi babu. Ya ce ai maɗaba'a tana rage girman hoto, wataƙila ya shige. Mista Bernard ya nuna masa gashin girar likitan, wanda ya fi layin siranta, ga shi ya fito ɗaya bayan ɗaya.

Suka buɗe na biyu, suka buɗe na uku. Kuyanga, ɗan sanda, direban keken doki, tsohuwa mai gidan haya, duk wuyansu lafiya ƙalau. Abdul-Rahaman ya ajiye gilashin. Bai nemi izini ba ya fita, ya sauka ƙasa.

Maman Dung tana zaune ƙarƙashin fitilarta, burushi a hannu, rediyo na magana a hankali.

"A'a, Malam, yau ta sama ka bi? Ina kwana, ya Fulera?"

"Maman Dung, layin da nake ja a wuya. Kin taɓa ganinsa?"

Ta yi dariya, ta leƙa ƙofa ko akwai mai ji, ta rage murya. "Sai yau ka gane? Haba Malam, tun hotonka na farko. Na ce bawan Allah nan hannunsa na da kyau, amma in ya zo wajen kwala sai alƙalami ya zarce masa. Ka san mutanen nan, ƙaramin kuskure suke jira su ce baƙin mutum bai iya ba. Sai na ce ba a gabana ba. Kafin ya hau sama na shafe shi tas. Ko Bernard bai taɓa sani ba." Ta dafa ƙirji. "Ban gaya maka ba don kada ka ji kunya."

Yana tsaye yana kallonta. Ta yi maganar nan fuskarta cike da jin daɗi, tana jiran ya yi godiya.

"Duka?" ya ce.

"Ko ɗaya ban bari ba. Wani lokaci har bayan an tashi nake zama, in hoton taron jama'a ne."

Ya nemi kujera ya zauna. A nan ya gaya mata, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa: ɗakin Peckham, layin da Hajiya ta ja, maganar nono. Yana faɗa murmushin yana barin fuskarta. Da ya kai ƙarshe ta ajiye burushin a hankali kamar abin da ya ƙone ta.

"Yesu," ta ce. "Malam, me ya hana ka gaya mini?"

"Ke me ya hana ki tambaye ni?"

Shekara goma sha ɗaya suna hirar yara da tsadar doya da sanyin ƙasar nan, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, ga inda abin ya kai su. Ni abin nan yana ba ni haushi har yanzu, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa a cikinsu.

Sai ta miƙe da sauri ta ce a tsaya, ai na asali suna nan. Fenti ne kawai a sama, layin yana ƙasa. Ta jawo wata doguwar durowa ta fito da likitan nan, takardar har ta fara ja. Ta ɗauki reza ta fara kankare farin fentin a hankali, tana hura garin. Abdul-Rahaman ya matso. Baƙi ya ɗan leƙo, ya ce ga shi nan. Ta ƙara kankarewa, sai baƙin ya biyo fentin ya zube tare da shi, don shekaru sun haɗe su sun zama abu ɗaya. Abin da ya rage ɗan gurbi ne fari a takarda. Ta gwada wani, haka. A na uku takardar ta huje.

"Bari," ya ce. "Ko da ya fito, ba waɗannan ne suka shiga duniya ba. Guda nawa ake bugawa?"

Ba ta so ta faɗa ba. Ya sake tambaya. Ta ce kowane littafi dubu biyar a bugun farko, wasu an sake bugawa sau uku, ana kaiwa har Kanada da Ostareliya, ga laburare. Littafi talatin da ɗaya. Sai ta fashe da kuka, tana cewa ya yafe mata, zunubin a kanta yake tunda hannunta ne ya shafe, ita za ta ɗauka. Ya ce ya yafe mata, kuma har ransa ya yafe. Amma Hajiya ba ta ce ranar da ka ƙi jan layi ba. Cewa ta yi ranar da ka saki mutum cikin duniya da wuyansa a haɗe. Shi ya sake su, kuma ko sau ɗaya bai buɗe littafi ya duba yadda suka fita ba. Wannan kam ba laifin Maman Dung ba ne.

Mista Bernard ya sauko ya tarar da su haka. Da aka yi masa bayani ya cire tabarau ya goge, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Mutumin kirki ne iya saninsa. Ya ce daga yau a bar layin a hotunan ciki, ba wanda zai taɓa, shi dai na bango ne ba zai yiwu ba. Ya faɗi haka yana ganin ya warware matsala. Abdul-Rahaman ya yi masa godiya, ya ɗauki kwat ɗinsa, ya bar matar attajirin a kan tebur su yi yadda suka ga dama da ita.

Bai nufi tasha ba. Ya bi titin masu sayar da littattafai, ana yayyafi, har ya zo wani babban shago da ya san suna ajiye na Pellow. Ya same su a bene na biyu, kanta guda cur, bango kore, a jere. Ya zaro na farko, ya fito da alƙalami daga aljihu, ya buɗe hoton farko. Wani tsoho ne a kujera gaban murhu, yana kallonsa kai tsaye. Ya ja masa layi. Ya juya shafi ya ja wa kuyanga, ya ja wa 'yan sanda biyu, ya ja wa gawar ma, don bai tabbata ba. Takardar littafi ba irin tasa ba ce, tana shan tawada, layin ya fito da kauri, mummuna. Ya gama littafi ɗaya ya mayar, ya zaro na kusa da shi, sai ya ga ashe kwafin wancan ne, tsohon nan yana zaune gaban murhu da wuyansa a haɗe. A bayansa akwai wasu huɗu.

Yana cikin na uku wata yarinya mai aiki a shagon ta hango shi. Ta kira wani ƙato mai tsaron ƙofa. Ba su yi masa tsawa ba, ganin furfura a gemunsa. Ƙaton ya karɓi littafin, ya riƙe Abdul-Rahaman a gwiwar hannu, ya sauko da shi bene biyu ya fitar da shi, ya ce kada ya sake dawowa.

Ya tsaya a bakin titi, alƙalami a buɗe a hannunsa, ruwa na sauka a kan bakin alƙalamin yana wanke tawadar zuwa yatsunsa. Mutane suna wucewa da laima, suna kauce masa.

"Hajiya, na ja," ya ce da Hausa, a fili. "Wallahi kowanne na ja masa."

Wata mata ta waiwayo ta dube shi, ta ƙara sauri.